Yadda Natsuko Ta Yarda Da Merv Dueck Har Ya Tuba

A garinmu in ka ce Natsuko Higa, wasu sai sun ɗan yi tunani. Amma ka ce Kashe-Wuta, ko yaron da aka sa makaranta jiya zai nuna maka ajinta. Sunan ya manne mata ne tun shekarar da ta zo mana koyon aikin koyarwa daga wani ɗan tsibiri a kudancin Japan, inda, in ji ta, abin da suke kira sanyi shi ne ranar da mutum ya sa riga mai dogon hannu.

Wata Alhamis ce a tsakiyar hunturu, irin ranar da in ka ja numfashi gashin hancinka ke mannewa. A irin wannan rana a jiharmu ta Saskatchewan ba a barin mota ta yini haka nan: 'yar wayar da ke leƙowa daga hancinta sai an jona ta a turken lantarki don inji ya zauna da ɗuminsa. Aka tashi makaranta, yara suka watse, mu malamai muka fito kowa na sauri. Sai muka tarar an cire wa kowace mota wayarta, an naɗe tsaf, an ɗaure, an ɗora a kan bonet kamar tsarabar biki. Ban taɓa ganin ɓarna mai tsafta irin wannan ba.

Na murɗa makulli, tawa ta yi tari sau ɗaya ta yi shiru. Ta malamin lissafi ko tarin ba ta yi ba. Wadda abin ya fi ci ita ce shugabar makaranta, Doreen Wasyliw, domin ana kaɗa ƙararrawar tashi aka bugo mata cewa 'yarta ta fara naƙuda a birnin Saskatoon, haihuwar fari.

"Wa ya yi wannan aikin?" in ji Doreen. Ba ta ɗaga murya ba, kuma duk wanda ya san ta ya san gara ta ɗaga.

Natsuko ta matso cikin rigar sanyin da na ara mata, wadda ke share mata ƙasa, ta rusuna.

"Ni ce, Madam."

"Wa ya sa ki?"

"Laifina ne."

"Ba abin da na tambaya ke nan ba."

"Laifina ne, Madam."

Kafin bakanike ya zo ya farfaɗo da motoci ɗaya bayan ɗaya, duhu ya yi. Da Doreen ta isa asibiti ta tarar an haihu, an yi wa jariri wanka, uwar miji ta riga ta rungume shi har an ɗauki hoto. Hoton nan yana nan a falon 'yarta har yau, kuma Doreen in ta je sai ta zauna ta ba shi baya.

A ajina aka ajiye Natsuko, aji huɗu, kuma a gidana take zaune, a ɗakin da ɗana ya bari. Yarinya ce ƙarama, mai magana a hankali kamar tana tsoron kada kalmomin su fashe. Kullum ita ke riga kowa zuwa. Makonta na farko ta sha mamakinmu: yara su ci abinci su tashi su bar ɓurɓushi ba mai ɗaukar tsintsiya, yaro ya yi gardama da malami kuma a ce masa ya yi ƙoƙari, rabin lokacin shan iska ya tafi wajen cusa ƙananan yara cikin rigunan sanyi, a gama cusa na ƙarshe ya ce fitsari yake ji. Ta taɓa shan shayi da kofin malamin lissafi, ba ta san kowane kofi a ɗakin malamai da ubangidansa ba, ya yini yana kallonta kamar ta aure masa mata. Duk wannan ta shanye. Abin da aka gaya mata kuwa, ba ta mantawa kuma ba ta tambayar dalili.

Da yamman nan muna shan miya a kicin na ce, "Merv ne, ko?"

Ta ajiye cokali. Sannan ta ce, "Ya ce mini al'adar makaranta ce. Wai sabon malami shi ke cire wayoyi da safe in an shiga aji, don kuɗin wuta ya yi yawa."

Merv Dueck shi ne malamin wasanni. Ƙato ne, wuya kamar turmi, usur a rataye ko a wurin jana'iza. Duk ɗalibin koyarwa da aka turo mana sai ya dafa masa wata. Shi a ganinsa maraba ce. Daga baya muka gane nufinsa ya bar ta ta cire, a yi dariya, ya mayar kafin injuna su huce. Sai ya kwashi yaran ƙungiyar wasan hoki a bas zuwa garin gaba ya manta. Tasa motar kuwa tana gida, matarsa Arlene ce ta sauke shi ranar.

"Gobe ki je ki gaya wa Doreen," na ce.

"A wurinmu ƙarami ba ya kai ƙarar babba."

"Nan ba wurinku ba ne, 'yar nan. Nan har kare yana kai ƙara."

"Zai faɗa da kansa."

"Merv? Tare muka yi firamare. Bai taɓa cewa ni ne ba, sai in kyauta ake rabawa."

Abin bai tsaya ga dariya ba. Doreen ce za ta ba da shaida a kanta ga kwalejinsu a ƙarshen zango, kuma in shaidar ta ɓaci ba takardar malanta, sai ta koma tsibirinsu hannu rabbana, bayan gari guda ya raka ta bakin jirgin ruwa. Da Doreen ta dawo ta faɗa mata a gabana: wanda zai yi irin wannan aika-aika da ra'ayin kansa, ba za ta iya cewa a damƙa masa 'ya'yan mutane ba. Na ɗan yi tari na ambaci sunan Merv. Doreen ta ce zato ba shaida ba ne, mai abu ta ce ita ce.

Da Merv ya kama bakinsa, ina jin da maganar ta mutu a nan. Amma da safen Litinin Natsuko na shigowa ɗakin malamai ya miƙe ya busa usur.

"A ɓoye wayoyi, jama'a, ga Kashe-Wuta nan."

Aka kwashe da dariya. Kafin azahar sunan ya kai aji ɗaya. Natsuko ta yi murmushi, ta rusuna masa har ƙasa. A hanyar gida ta ce da ni, tana kallon titi, "Da ya yi shiru, da na bar shi."

"Yanzu fa?"

"Yanzu zan girmama shi."

Yadda ta faɗi kalmar sai da na ƙara wa mota ɗumi.

To, Merv yana da ciwo guda: baki. Ba ya iya shan kofi ɗaya bai yi cika baki ba. Mu da muka saba, ta wannan kunne take shiga ta fita ta wancan. Natsuko kuwa daga ranar sai ta riƙa jawo kujera kusa da shi, ta ɗora hannu a gwiwa, tana gyaɗa kai. Bawan Allah ya ga ya samu mai saurare bayan shekara da shekaru, ya saki baki.

Ta farko hula ce. Ya ce ɗan asalin wannan ƙasa ba ya sa hular sanyi, hula ta 'yan birni ce. Ranar muna darasin yanayi, sai Natsuko ta gaya wa yara cewa sun yi sa'a, a makarantarsu akwai mutumin da sanyi ke jin tsoro, Malam Dueck, wanda bai taɓa sa hula ba. Makon nan kuwa shi ke tsaron yara a fili. Ya fito da hularsa mai kunnuwa ja har gira, ya tarar da aji huɗu sun yi layi suna jiransa.

"Malam, Malama Higa ta ce ba ka sa hula."

Ya dube su, ya dubi tagar ajinmu inda Natsuko ke tsaye tana ɗaga masa hannu. A nan namiji yakan jure komai ban da janye maganarsa a gaban yara. Ya cire ya cusa a aljihu, ya ce ta wani ce ya tsinta. Ya ƙare makon da kunnuwa kamar tattasai.

Ta biyu ta fi daɗewa. Ranar Juma'a mukan yi cin haɗaka, kowa ya kawo abin da ya dafa, kuma Merv ya sha faɗa cewa ba abin da ke bisa ƙasa da cikinsa ba zai ɗauka ba. Natsuko ta sa aka kawo mata daga birni wata irin daddawar ƙasarsu, waken da aka ruɓar har ya yi yauƙi, in ka ɗebo sai zare ya biyo cokali har haɓa. Ta kawo ta a kwano mai murfi, ta ajiye a gabansa da hannu biyu.

"Ban yi wa kowa tayi ba," ta ce da mu, "don na san ba za ku iya ba. Malam Merv ne kaɗai."

Da ta buɗe, malamin lissafi ya tuna yana da aiki a aji. Merv ya ci. Ya ci yana hawaye yana cewa ai wannan ko gishiri bai ji ba. Ta ce tunda ya ji daɗi, ya tafi da sauran gida.

Kowa ya san a garin nan ba a mayar da kwano wayam. Arlene ta wanke shi da ruwan zafi har sau ba adadi, ta cika da kek ta aiko. Natsuko ta karɓa ta ce su ma haka al'adarsu take, kunya ce a mayar da kwano ba komai. Juma'a ta zagayo, kwano ya koma hannun Merv da nauyinsa. Haka kwanon nan ya yi ta safa da marwa. Ni dai ban yi ƙorafi ba, Arlene ta iya kek. Amma na haɗu da ita a kanti ta riƙe mini hannu ta ce, "Don Allah me Merv ya yi wa yarinyar nan take ƙaunarsa haka? Firjina ya zama abin da ya zama."

Na ce ta tambaye shi.

Wata rana na ce da Natsuko ko ya isa haka. Tana gyara littattafan yara, ba ta ko ɗago ba.

"Ya isa me? Ni ban yi masa ƙarya ko ɗaya ba. Abin da ya faɗa nake maimaitawa."

"Zango fa ya raba tsakiya. Doreen ba ta sauko ba."

"Na sani," ta ce, alƙalamin ya ɗan tsaya a hannunta. "Kullum in Mama ta kira sai ta ce maƙwabta suna tambayar yaushe malama za ta dawo."

Sai ga ta uku. Merv ya ce shi duk tsohuwar da ba ta da mai kwashe mata ƙanƙara a ƙofar gida, ba ya iya barci sai ya je ya kwashe. Gaskiyar magana, tasa ƙofar ma Arlene ke kwashewa. Natsuko kuwa duk Asabar tana zuwa zauren tsofaffi tana koya musu naɗe takarda ta zama tsuntsu. A nan ta ba da labarin mutumin kirkin da ba ya barci saboda su, har ta ce kada su ji nauyi, shi kunya ce ke hana shi tayi. Tsofaffin garinmu ba su san jin nauyi ba. Daren ranar aka yi ƙanƙara har gwiwa, gari na wayewa wayar Merv ta fara ƙara. Wa zai ce wa tsohuwa a'a? Kafin ya ajiye waya labari ya kai coci. Aka riƙa ganinsa da shebur daga wannan layi zuwa wancan, ba hula, tsofaffi na leƙe ta taga suna nuna masa inda ya tsallake.

Ya fara shigowa ɗakin malamai a karkace, yana warin man zafi. Ya rage magana, amma baki shi kan yanka wuya, kuma wanda aka riga aka faɗa ba ya komawa ciki. Tun farkon zango ya ba ta labarin yadda yana saurayi ya nutsa ta ramin masu kamun kifi a tafki, ya yi iyo ƙarƙashin ƙanƙara, ya fito da kifi a hannu. Ta ajiye wannan ba ta taɓa ba.

A taron iyaye da malamai ana shirin bikin hunturu, aka rasa abin da zai jawo mutane. Natsuko ta ɗaga hannu kamar 'yar aji ɗaya. Ta ce ita baƙuwa ce, bai kamata ta sa baki ba, amma ta ga a wasu garuruwa ana fasa ƙanƙarar tafki wani jarumi ya faɗa ciki, kuma ga shi Allah ya ba mu Malam Merv. Ta ba da labarin kifin dalla-dalla. Iyaye suka tafa. Doreen ta dube shi da girmamawar da ba ta taɓa yi masa ba. Merv ya ce ai ba komai, muryarsa kamar ta ɗan akuya.

Kwana biyu bayan haka, an tashi, muna goge allo, sai ga shi a ƙofar aji. Ba usur.

"Malama Natsuko."

Ran nan na fara jin sunanta na gaskiya a bakinsa.

"Sannu, Malam Merv. Ya baya?"

"Bar batun baya. Ban iya ruwa ba."

"Kana dai ƙanƙan da kai ne."

"Ko a baho Arlene ba ta yarda in kulle ƙofa. Ƙarya na yi miki."

"Kai? Ban yarda ba. Babba ba ya yi wa ƙarami ƙarya."

Ya juyo wurina. "Ke kuma kin tsaya kina kallo. Tare fa muka tashi."

"Shi ya sa nake kallo," na ce.

Ya zauna a 'yar kujerar yara, gwiwoyinsa har kunne. "To na ji. Hular ƙarya ce. Kifin ƙarya ne. Abincinki kuwa, ki yafe ni, ko kare na ba ya bar gidan."

"Su ke nan?" in ji Natsuko.

Ya hau sosa ƙeya.

"In da saura," ta ce, ta ci gaba da goge allo, "ba ni za a gaya wa ba. Ni ba ni da ofis."

Washegari da safe ya shiga wurin Doreen. Bangon ofishin nan siriri ne, kuma ban taɓa ganin malamai da yawa suna da buƙata a kusa da shi lokaci guda ba. Ya faɗi maganar wayoyin motoci tiryan-tiryan. Doreen ta sa ya maimaita, wai ba ta ji sosai ba. Sannan ta aika a kira Natsuko, ta taso daga kujera ta riƙe mata hannu biyu.

"Ki yi haƙuri, 'yata. Na ɗora miki kayan da ba naki ba. Kwalejinku za su ji abin da ya kamata su ji."

Natsuko ta rusuna. Da ta ɗago idonta ya cika, ta yi sauri ta juya tana gyara gilashi.

Merv ya gyara murya. "To, Doreen, batun tafkin nan, tunda gaskiya ta fito..."

"Batun tafki yana nan."

"Ban iya ruwa ba."

"Iya ƙirji ne. 'Yan kwana-kwana za su ɗaura maka igiya a ƙugu. Ka hana ni ganin zuwan jikana duniya, Merv. Ba za ka hana ni ganin wannan ba."

Ranar bikin kuwa, ko ranar zaɓe ba a taɓa tara mutane haka ba. Tsofaffi suka zo da kujerunsu da barguna suka kama sahun gaba. Merv ya fito da gajeren wando, fari fat kamar kazar da aka fige, ya tsaya bakin rami yana duban sama. Shigarsa da fitarsa ba su kai ƙiftawar ido ba, amma ƙarar da ya yi, mutanen garin gaba sun ce sun ji. Natsuko ce ta miƙa masa tawul, da hannu biyu.

Ta koma gida ta karɓi takardarta, ta koyar a tsibirinsu har mahaifiyarta ta gaji da nuna ta ga maƙwabta. Da aka samu gurbi a wurinmu, Doreen da kanta ta neme ta. Yanzu ta fi shekara goma a nan. Tana da kofinta a ɗakin malamai, ta auri likitan dabbobi, kuma ajinta ne kaɗai yara ke share ƙasa kafin su tafi. Duk ɗalibin koyarwa da aka turo, ita ke tarbarsa ta zagaya da shi, ba mai dafa masa komai. Merv ya yi ritaya, amma tsofaffin ba su sallame shi ba, in waɗansu sun rasu waɗansu sun tsufa.

Kwanan baya, ranar da sanyi ya fara sauka, muka haɗu da shi a gidan waya ni da ita. Ya ga akwai mutane a layi, tsohon hali ya motsa.

"Kashe-Wuta, an fara jona motoci fa. Bana a tausaya wa bayin Allah."

Mutane suka yi dariya. Natsuko ta gyara riƙon jakarta, ta matsa kusa da shi, ta ɗan karkata kai.

"Ai ni har gobe abin da babba ya faɗa nake bi, Malam Merv. Ba ni wani labarin mana. Ina saurare."